Maɗacin Kaka

Asabar, 3 ga Mayu, 2025

Katakon adon da ke bakin rufin zaurenmu ya ruɓe. Shekara biyu kacal. Gara ta cinye cikinsa, ruwa ya ƙarasa sauran. Jiya wani gutsure ya faɗo a kafaɗar Liman yana shigowa, mutane suka yi dariya. Baba bai ci tuwo ba.

Litinin, 5 ga Mayu

Malam Ɗanliti kafinta ya zo. Shi ne fa ya kafa farin katakon nan da hannunsa! Yau kuma yana latsa shi da babban yatsa yana cewa, "Alhaji, ai wannan na cikin ɗaki ne, ba ya jure waje." To me ya hana shi faɗa tun farko? Ya ce abin da zai sha rana da ruwa sai jan katako mai nauyi, ba kuma kamar maɗaci. Wanda ake yankawa a garin Bici ma, wai, rabinsa farin gefe ne da gara ke so. Sai ya sassauta murya: "Ga shi kuma kuna da shi tsaye a gona."

Ina bayan ƙofa da buta a hannu. Saura kaɗan in sake ta.

Talata, 6 ga Mayu

Maɗacin nan nawa ne. Ina rubutawa don in gani da idona. Gonar ta Baba ce, amma a garinmu gona daban, bishiya daban. Kaka ce ta dasa shi, kuma kafin ta rasu ta ce a gaban Kawu Mati, ƙanen Baba, ta bar wa takwararta. Ni ke nan. Shi ya sa Baba ba ya iya kiran sunana, sai dai Uwata. Uwar da ba a tambaya!

Na gaya wa Inna. Ta ce, "Ki yi haƙuri, ai gidanku za a ƙawata." Na ce to. Kullum to. Haushin kaina ya fi na kowa.

Juma'a, 9 ga Mayu

An ce mai injin yanka zai zo daga Tsanyawa ranar Laraba ya kayar da maɗacin.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ko a aikin ma ƙarya suke yi wa kansu. Malamin noma a makaranta ya koya mana cewa ɗanyen katako sai an jera shi a inuwa, a ɗage daga ƙasa, ya yi watanni yana bushewa. In an kafa shi da ruwansa, lanƙwashewa yake yi ya tsage. Su kuwa so suke su gama kafin damina. Wato za a kayar da bishiyar da ta girmi Baba don a ɓata ta.

Na tsara maganar nan tsaf a kan hanyar rijiya. Da na ga Baba sai na ce sannu da hutawa, na wuce.

Talata, 13 ga Mayu

Kawu Mati ya ji labari, ban san a bakin wa ba. Na jiyo shi a zaure: "Yaya, bishiyar nan ba taka ba ce. Ka tambayi mai ita."

Bayan la'asar Baba ya tsaya a ƙofar ɗakinmu, bai shigo ba. "Uwata, kin ba ni?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To, shi ke nan." Ban taɓa ce masa a'a ba tunda aka haife ni.

Laraba, 14 ga Mayu

Mai inji bai zo ba. An ɓamɓare ragowar katakon, bakin rufin ya zama tsirara, ƙusoshi a waje. Baba ya koma zama da baƙinsa a gindin darbejiya. Yana amsa gaisuwata kamar kullum, wannan ne ma ya fi ciwo.

Asabar, 17 ga Mayu

Har yanzu ina jin haushinsu, musamman Ɗanliti.

Na je gona kai wa Kawu fura. A jikin maɗacin akwai wani babban reshe ta gabas, miƙaƙƙe, wanda dama inuwarsa ke hana geron wajen tashi. Na taka tsawon inuwarsa a ƙasa: taku goma sha ɗaya. Da na dawo na taka gaban zaure: tara.

In an sare shi yanzu, sai bayan kaka zai bushe. Kuma ni zan riƙa juya katakon a inuwa, ba Ɗanliti ba.

Ban ce na bayar ba. Aunawa kawai na yi.