Ƙasar Gindin Rumbu

Zuwa ga ɗana Isuhu a Arlit,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina lafiyarka, ina aiki, ina baƙunta? Mu nan Galma muna godiya, sai dai hankalina a tashe yake.

Matarka Rabi ta gama wankan jego, amma har yanzu jaririn ba ya bin haske da ido, kansa kuma sai girma yake yi. Mun kai shi asibiti Madawa. Lokotoro, likitan can, ya ɗebi jinin jaririn da na Rabi ya aika Yamai. Yana zaton wata cuta ce ta kashin mussa, wato kyanwa, wadda uwa kan ɗauka ta shafi ɗan da ke cikinta. Ya tambayi Rabi ko ta ci ƙasa, ta sunkuyar da kai.

Isuhu, ka san mussar da muke ajewa don ɓeran rumbu. A gindin rumbun take tona ƙasa ta yi kashi. Da kwaɗayin ciki ya kama Rabi, ni na riƙa ɗebo mata ƙasar gindin rumbun nan, don ta fi laushi. Haka uwata ta yi mini da cikinka.

Amsar jini sai sati biyu. Ka taya mu addu'a, ka gaida kawunka Abdu. Zancen ƙasar nan ban faɗa ma lokotoro ba, Rabi ma ta rufa mini asiri. Kai na fara faɗa ma.

Mahaifiyarka, Hajo