Ƙofar Gaba

Leeuwarden, 4 ga Oktoba

Yaya Renske,

Gaisuwa mai yawa da kewa. Yaya ƙarfin jiki? Sabon maganin yana barin ki ki runtsa kuwa? Ki gaida mijinki Jelle, ki ce masa na san shi yake shanye miyar waken da nake aiko miki.

Kin ce in ba ki labarin shugabanci. Wayyo Yaya! Tun da aka ɗora ni a kan gidan nan na jinyar masu jiran ajali, ban ƙara riƙe hannun majinyaci ba. Aikina taro da murmushi, da bin masu hali ina roƙo cikin takalmi mai tsini. Jiya Baba Douwe, tsohon masuncin nan da ke ɗakin ƙasa, ya hango ni ya ce, "A'a, Madam Shugaba! Ɓatan kai kika yi?" Na yi dariya, na shige ofis na sha kuka.

Maganar samar miki ɗaki a gidan nan kuwa, sunanki yana layi kamar na kowa. Ba zan tsallake da ke ba, ke ma ba za ki yarda ba. Abin da ke cin raina shi ne kwamiti ya ce in ba a sami mai ɗaukar nauyin ɗakunan sama ba, rufe su za a yi kafin sanyi ya kankama. In aka rufe, layin ba zai iso kanki ba. Wata attajira, Madam Hoekstra, za ta zo duba mu ranar Alhamis. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Hilke

12 ga Oktoba

Yaya,

Ina fata ciwon ya lafa. Ni dai na jiƙa mana aiki.

Baba Douwe ya rasu da safiyar Alhamis. Motar ɗaukar gawa ta iso daidai lokacin da Madam Hoekstra take zaune a zaure da kofin gahawa a hannu. Terpstra, shugaban kwamiti, ya ja ni gefe ya ce, "Hilke, ki yi wa kanki faɗa. A bi da shi ta ƙofar kicin, yau kaɗai." Na ce ta gefen kwandunan shara? Sam!

Ke kika kafa al'adar nan tun kina babbar nas a gidan: wanda ya shigo ta ƙofar gaba, ta nan zai fita. Muka kunna kyandir, muka jeru dama da hagu, har mai girki da garin fulawa a hannunta. Aka wuce da akwatin gawar ta gaban baƙuwa. Fuskar matar ta yi fari fat, ta ajiye kofi ta fice ko sallama babu. Terpstra ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Kin mutunta matacce, saura ki nemo wa masu rai wurin kwanciya."

Haushinsa nake ji, don gaskiya ya faɗa.

Taki,
Hilke

25 ga Oktoba

Yayata,

Ba zan tambayi jikinki ba. Jelle ya gaya min kin faɗi a matakala, kuma shi yanzu ba ya iya ɗaga ki. Muryarsa ta ba ni tsoro.

Na je gidan Madam Hoekstra na ba ta haƙuri. Ba muguwa ba ce, Yaya. Bara ta binne mijinta, har yau ba ta iya kallon akwatin gawa. Za ta ɗauki nauyin ɗakunan, amma da sharaɗi ɗaya: daga yanzu kowace gawa ta baya za ta riƙa fita. Na roƙa, na yi ta kewaye-kewaye, ba ta motsa ba.

Na sa hannu. Ma'aikata sun daina gaishe ni, ban kuma ga laifinsu ba.

Layi ya iso kanki. Ɗakin yana sama, tagarsa tana kallon ruwa. Ki taho da bargonki mai kore, namu ƙaiƙayi suke sa mutum. Ranar Litinin zan tarbe ki da kaina a ƙofar gaba.

Ban so ki ji sauran a bakin wani ba. Ta baya za ki fita, Yaya, kuma sa hannuna ne a kai. Ki zo ki zage ni son ranki. Na fi son haka da ki yi min shiru.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Hilke