Harafi Ɗaya a Jinin Sadiku

Daren Talata, tsakiyar damina.

Innalillahi!

Faɗa ya kai ni ɗakin 'yata Rabi. Tunda yajin aiki ya dawo da ita daga jami'a, kwamfuta kawai ta sani, ko daka ba ta tayawa. Ga tsadar gero, ga jikana Sadiku kwance da ciwon ƙashi.

Na tarar da layuka fal a fuskar kwamfutar, haruffa huɗu suna ta maimaituwa: A, C, G, T.

"Wannan shirmen ne karatun?"

"Inna, rubutun jinin mutane ne. Duba, nan gurbin A ne, T ta zauna. Ita ce sikilar da likita ya ce tana damun Sadiku, kuka ƙi yarda. Sai uwa da uba sun haɗu suke ba yaro."

"Uba? Ɗana?"

"Shi ma wajenki ko wajen Baba ya gada."

Gobe dangi za su tilasta wa Ladi maƙwabciya ta tsallake yaron gaban jama'a, wai mayya ce, ita ta kama shi. Harafi ɗaya, kuma daga gidana!

Da asuba zan tsaya a ƙofar zaure. Mai neman mayya ya fara da ni.