Labarin da Na Ba Auta

Daren Laraba, watan Sha'aban, unguwar Dilimi

Auta, rubuta yadda na faɗa, kar ka gyara min.

Kwana huɗu ke nan kana ɓoye a ɗakina. Yau ma jami'an tsaro biyu sun zo tambayar ɗan jarida. Na ce musu ka tafi Bauchi.

Laifina ne. Lokacin da nake yi wa matar likita girki, Ba'indiyar nan 'yar ƙabilar Tamil, kullum tana riƙe da littafin wani mutumin ƙasarsu. Da gurguwar Hausarta ta ce min ɗan jarida ne, Turawa suka kulle shi don neman 'yanci, ya fito ya ci gaba. Labarin ya yi min daɗi, na riƙa ba ka kana ƙarami. Ashe ajiyewa kake yi. Ban taɓa tambayarta yadda uwarsa ta yi ba.

Yanzu sa a ƙasa cewa ka bar aikin nan. Ka sa? Miƙo in gani.

Ni duk tafiyar tururuwa nake gani. Kuma duk wanda na kai wa ya karanta min, na tona maka asiri.