Akwatin Binciken da Na Gina

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya ciwon bayan nan?

Ni dai na gaji, Yaya. Shugaban ɗakin gwajin jininmu ya ce in kawo takardar shaidar ƙwarewa kafin wata ya ƙare, ko a nemo wani ya kula da kwamfutocin. Sai na ci jarrabawa za a ba ni ita. Tambayoyi ɗari uku nake bita, rabi kan neman bayani a rumbun kwamfuta, rabi kan tsare shi daga ɓarayi. A tsaye nake cin abinci, littafi jingine da gwangwanin madara. Maigidan ya ce shi littafi ya aura. Ga girma ya zo, kan ba ya riƙo kamar da.

Taka,
Auta

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Jiya na ci karo da wata tambaya, an kawo wani tsari an ce a nuna aibinsa. Amsar ita ce, duk abin da aka rubuta a akwatin bincike, wato gurbin rubuta suna a shafin intanet, yana wucewa rumbu ba tacewa, sai mugu ya rubuta umarni maimakon suna. Haka na gina namu shekara uku da suka wuce, inda mutane ke duba sakamakonsu.

Yau da safe na gwada rubuta umarni a namu. Sakamakon kowa ya zubo, suna da lambar waya da cuta. Na duba tarihin masu shiga, ashe wani ya riga ni tun wata biyar da suka wuce.

Na toshe kafar. Ban da kai babu wanda ya sani. In na kama bakina aikina yana nan, amma wallahi ina jin tsoron kaina.

Auta

Yayana,

Ina gaishe ka, Allah ya ƙara sauƙi. Na ci jarrabawar, kada ka yi mini murna. Ranar Litinin na miƙa wa shugaba takardar, na kuma faɗa masa komai. Ƙarshen watan gobe zan ajiye aiki. Kafin nan, ni zan kira mutanen da aka ga sakamakonsu ɗaya bayan ɗaya, su dubu da ɗari biyu.

Yau na kira arba'in, har muryata ta dushe. Wasu sun zage ni, ban ga laifinsu ba. Wata mata kuwa ta tambaye ni a hankali ko ta nan ne aka ji ciwonta a wurin aiki, aka sallame ta.

Na ce ban sani ba. Kuma wallahi ban sani ba, Yaya.

Ka sa ni a addu'a. Gobe da ƙarfe takwas zan ci gaba.

Ƙanwarka,
Auta