Dutsenmu Da Nowinile

Litinin, 9 ga Janairu
Lungisa ya sake bugo waya. "Mama, ɗaki na nan a birnin Mthatha, jikokinki na tambaya." Na ce masa muddin dutsen nan na bakin teku na ba ni imbazar miya, ƙumbar nan da ke manne a jikinsa, ba inda za ni. Ya yi dariya, wai na auri dutse. Ɗan nema.

Asabar, 21 ga Janairu
Teku ya janye da tsakar rana, ga zafi kamar bakin murhu, ba ko iska. Imbazar saman dutse duk sun wangame baki, sun dahu a cikin ɓawonsu. Wari har gida. Da Nowinile abokiyar ɗibata na raye da ta zagi rana tas, mu yi dariya. Ni kaɗai na tsaya ina kallo.

Alhamis, 9 ga Fabrairu
Ruwan sama ba ƙaƙƙautawa. Kogi ya kwaso laka ya zuba a teku. Yau ban yi magana da kowa ba sai kaji.

Litinin, 20 ga Fabrairu
Yashi ya binne imbazar ƙasan dutsen. Na tona da hannu har farce ya yi jini, na ceto wani ɗan gungu, bai fi faɗin faifai ba. Ban ciri ko ɗaya ba, na ci tuwon masara gaya. Nowinile kan ce kada a kankare dutse ƙwal, ƙanana ba sa kama wuri sai a tsakanin manya.

Laraba, 22 ga Maris
Nokwakha maƙwabciya ta gan ni durƙushe a ruwa. "Ke tsohuwa, salla kike wa dutse? Bi ɗanki mana!" Na ce ta ji da gwiwarta. Ita ma jibi 'yarta za ta zo ta ɗauke ta. Hayaƙina kaɗai zai rage a wannan tudu.

Lahadi, 7 ga Mayu
Sun kama. Ƙanana baƙi-baƙi kamar ƙwayar gero, cunkus a jikin tsofaffin da na ceto. Dutse ya rayu. Na jira farin ciki ya zo, na juya in nuna wa wani, ba kowa sai ruwa.

Da yamma Lungisa ya kira, ina jin hayaniyar yaran a bayansa. "Mama, ya mijin naki?"

Na ce har yanzu yashi ne, don ya zo ya ɗauke ni.