Talata da Alhamis a Ɗakin Bene

Zuwa ga 'yata Likita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da babanki. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Yaya, mamanki, ya sa ta huta.

Na kira wayarki har na gaji, sai na ce bari in ɗauki biro. Ɗalibaina sun same ni ina rubutu a ɗakin gwaje-gwaje, wata ta leƙo ta ce, "Malama, wa ya yi laifi kuma?" Sun saba in na zauna rubuta wasiƙa, to iyayen wata za su zo.

Ke ba ki yi laifi ba, amma ina da tambaya. Ƙawarki ta gaya mini rajistar shekararku ta ƙarshe za ta rufe a ƙarshen watan nan, kuma wanda bai koma ba sai dai ya sake neman gurbi daga farko. Ta ce ba ki je ba. Ba zan yi miki faɗa ba, dalili kawai nake so in ji. Rubuto mini ko da layi biyu ne, ko da babu daɗi.

Ki gaida babanki da kyau.

Taki,
Innarki

*

Inna,

Wa'alaikumus salam. Na samu wasiƙarki. Muna lafiya. Har yanzu kina ce mini Likita, ni kuwa hoton ƙashi da ƙirji nake koyon ɗauka.

Ban san abin da zan ce a waya ba, shi ya sa ba na ɗauka. Gidan yana nan yadda kika bar shi. Takalman Mama suna bakin ƙofa, ina share gefensu. Baba yana dawowa daga koyar da tuƙi, in ce sannu da zuwa, ya ce yauwa, shi ke nan hirar yini. Ban yi kuka ba har yau. Lokacin da mata suke zuwa gaisuwa suna kuka, ni ƙafafunsu nake kallo.

Cikin masu gaisuwar akwai wata da Baba ya koya wa tuƙi. Ita ta ja ni gefe ta gaya mini labarin wata mata da matattu suke magana ta bakinta. Ina zuwa wurinta kowace Alhamis. Ɗakinta yana saman wani shagon ɗinki, a hau ta wata siririyar matakala. Babu abin tsoro a ciki, fanka ce da labule da kujerun roba biyu. Matar tana sa tabarau, in kin gan ta sai ki ce ma'aikaciyar ofis ce. Takan ba ni ruwa, mu ɗan yi hira, sannan ta kama wuyan hannuna ta rufe ido.

Ta ce, "Mamanki ta ce babanki yana kashe mota a ƙofar gida ya zauna ciki, yana neman ƙarfin shiga." Wannan na sani, ina ganinsa ta taga. Sai ta ce, "Ta ce ya daina kwana a gado. A kujera yake kwana." Wannan ban sani ba, Inna. Da ya fita washegari na buɗe ɗakinsu. Zanin gadon yana nan yadda Mama ta shimfiɗa shi kafin a kai ta asibiti, bargonsa kuma a kan kujera.

Makon jiya ta ce, "Ta ce yana tsoron ranar da za ki tafi, gidan ya zama babu kowa."

Dalilina ke nan. Ba zan koma ba. Idan ba Mama ce take gani ba, wa ya gaya wa matar abin da ni da nake cikin gidan ban sani ba? Kada ki gaya wa Baba.

Na gaishe ki.

'Yarki

*

'Yata,

Bayan sallama da gaisuwa, na gode da kika gaya mini gaskiya. Na karanta wasiƙar a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma ina son in ji muryarta. Tare muka tashi a ɗaki ɗaya, ita take yi mini kitso tana dungure mini kai. Don haka ban yi miki dariya ba.

Amma ki raba abubuwa biyu da kika haɗa. Cewa akwai rayuwa bayan mutuwa, wannan mun yi imani da shi tun kafin kowa ya kama wuyan hannunmu. Tambayar da ke gabanki ƙarama ce: ita wannan matar, daga ina take samun labarinta? Abin da nake koya wa yara a aji shi ne, in abu ya ba ka mamaki, fara neman hanya mafi kusa da zai iya biyowa, kafin ka tafi mai nisa. Dubi abin da ta gaya miki. Mota, kujera, bargo. Duk abubuwan gidanku ne, waɗanda idon mai rai zai iya gani, bakin mai rai zai iya faɗa. Ban san ta inda suka biyo ba, ba kuma zan yi kamar na sani ba. Ina so dai ki tambayi kanki: wa ya san babanki yana kwana a kujera?

Ban ce ki daina zuwa ba, don na san ba za ki ji ba. Na rubuta wa babanki a kan makarantar kawai, ban ambaci matar ba.

Ki ci abinci, don Allah. Allah ya yi miki albarka.

Innarki

*

Zuwa ga Malama, ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya aiki, ya yaran mutane? Ki yi haƙuri da rubutuna, hannuna ya fi sanin sitiyari.

Maganar makaranta da kika yi, wallahi ni so nake ta koma. Uwarta ta sha wahala a kan karatun nan. Amma yarinyar ba za ta iya ba yanzu, kuma an ce kada in matsa mata.

Za ki ce wa ya ce. To, zan gaya miki, amma ya tsaya tsakaninmu. Wata ɗalibata ta kai ni wurin wata mata a saman shagon ɗinki. Yayarki tana magana ta bakinta. Na san ke 'yar boko ce, za ki taɓe baki. Ni ma haka na yi. Amma ta gaya mini abin da ban sani ba a cikin gidana. Ta ce yarinyar ba ta iya jure warin asibiti, in za ta wuce shagon magani sai ta tsallaka titi. Ta ce a tsaye take cin abinci a kicin, loma biyu ta rufe tukunya. Na lura, haka ne. Sai ta ce, "Uwarta ta ce ka bar ta, kada ka yi mata maganar komawa." Shi ya sa na yi shiru.

Ranar Talata nake zuwa, da rana ba ni da ɗalibai. Takan ba ni ruwa ta ce ya makon ya kasance, ni kuma in yi ta zuba. Abin kunya, Malama. Ni da nake yini ina cewa taka birki, saki kuloci a hankali, duba madubi, in na shiga gida bakina ya mutu. A can ne kawai nake magana.

Kada yarinyar ta ji, za ta ce ubanta ya zautu.

Na bar ki lafiya.

Mijin yayarki

*

'Yata Likita,

Sallama da gaisuwa. Wannan wasiƙar za ta ɓata miki rai, ki zauna kafin ki karanta.

Mutum biyu sun ba ni amana, zan karya ta ɗaya. Na juya abin a raina har na kasa koyarwa, na ba yara aikin aji na zauna ina kallon allo. Amma wata yana ƙarewa, kuma ba zan zauna da abin da na sani ki rasa gurbinki ba.

Babanki yana hawa wannan matakalar kowace Talata. Matar da ta raɗa miki labarin a wurin gaisuwa ita ta kai shi. Yana zama a kujerar da kike zama, a ba shi ruwa, a tambaye shi ya makon ya kasance, ya faɗi komai. Shi ya san yana kwana a kujera. Ke kuma ranar Alhamis a ba ki ruwa, ki faɗi naki. An gaya masa cewa kina tsallaka titi a gaban shagon magani, kina cin abinci a tsaye. Wa ya san wannan in ba ke ba?

Ban san zuciyar matar ba. Wataƙila da gangan take yi, wataƙila ita ma ta yarda da kanta. Abin da na sani shi ne, maganarsa take kawo miki, maganarki take kai masa, a sa musu sunan Yaya. Ku biyu kuna kwana a gida ɗaya, bango ne kawai tsakaninku, amma sai kun tsallaka gari kafin ku ji juna.

Ga abin da ba ta kawo miki ba, ni zan kawo, da kalmominsa: "Wallahi ni so nake ta koma."

Wannan bai taɓa inda Yaya take ba, 'yata. Tana wurin Ubangijinta, addu'armu tana isa gare ta. Kada ki yarda da ni haka kawai. Je ki duba da idonki ranar Talata.

In kin yi fushi da ni, ki yi, ina nan.

Innarki

*

Inna,

Na gaishe ki. Na je.

Motar Baba tana gaban shagon ɗinkin, da allon 'yan koyo a samanta. Na jingina da ita na jira. Telan yana ta kallona, ya gane ni, ya ce, "Yau ba ranarki ba ce ai." Na ce na sani.

Da Baba ya sauko ya gan ni, ya tsaya a matakalar ƙarshe. Sai ya zo ya buɗe mini ƙofar direba, shi ya zagaya ya zauna a gefen da yake zama wa ɗalibai. Ban tayar da motar ba.

Ya ce, "Ke ma?"

Na ce, "Alhamis."

Ya ce, "A kujera nake kwana."

Na ce, "An gaya mini."

Ya ce, "Ni ma an gaya mini naki." Ya goge fuska da hannu. "Wannan innar taki, bakinta kamar hon ɗin babbar mota."

Na ce, "Da gaske kana so in koma?"

Ya ce, "Tsoron gidan da nake ji gaskiya ne. Amma ba aikinki ba ne. Tayar da motar, ki sa sigina, kin manta komai."

Ranar Alhamis na sake hawa. Ta ba ni ruwa ta ce ya makon, na ce lafiya lau, na yi shiru. Ta kama hannuna ta rufe ido, ta daɗe. Ta ce Mama tana cikin haske, tana ƙaunata. Ta ce yau ta yi nisa, muryar ba ta fita sosai. Na ce, "Babana yana zuwa nan?" Ta cire tabarau ta ce, "Mutane da yawa suna zuwa, 'yata. Kowa da abin da ya ɗauko." Ba ta ji kunya ba, ba ta yi fushi ba. Har bakin matakala ta rako ni, ta ce in kula, akwai santsi.

Kin yi gaskiya, Inna. Amma in gaya miki tawa gaskiyar: kafin wasiƙarki ina da rana ɗaya a mako da nake da uwa. Yanzu babu. Ba na jin haushinki. Na nemi haushin ban same shi ba.

Ban yanke shawarar makaranta ba tukuna. Baba bai sake tayar da maganar ba, amma jiya na ga ya sauko da akwatina daga saman kabad ya goge shi.

Sai na sake rubutowa.

'Yarki

*

Inna,

Gaisuwa. Daga makaranta nake rubuto miki. Na yi rajista ana gab da rufewa. Baba ya rako ni har bakin ƙofa, duk hanya yana gyara mini tuƙi.

Yana zuwa wurin matar har yanzu. Na tambaye shi dalili, tunda ya sani. Ya ce ba ta katse shi in yana magana. Na ce to.

Warin asibitin yana nan. Yau aka sa ni a ɗakin hoto. Suka shigo da wata mata sa'ar Mama, tana tari, 'yarta tana riƙe mata jaka. Na tsayar da ita, na gyara mata kafaɗu, na ce ja numfashi, riƙe, saki. Hoton ya fita sarai, malamin ya ce ya yi kyau. Ban sani ba ko wannan abin farin ciki ne.

'Yar ta tare ni a ƙofa ta ce, "Me kika gani?" Na ce mata ni ɗauka kawai nake yi, likita ne zai faɗa.

Ki kira ni ranar Asabar. Zan ɗauka.

'Yarki